Makullin da Ba Shi Ya Yanka Ba

Yayana mai yanka makulli ne. Shagonsa wani ɗan tsukuku ne a layin bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran takalma da wata mai sayar da kayan kwalliya, kuma idan mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Bango ɗaya cike yake da ƙusoshi, kowace ƙusa ɗauke da makullan da ba a riga an fitar musu da haƙora ba. A kan tebur akwai injin yanka, da magagarai manya da ƙanana, da gwangwanin mai, da tabarau ɗin da ya ɗaure wa zare a madadin hannun da ya karye. Garin ƙarfe ya shige masa farata har ba ya fita ko an jiƙa hannun a ruwan zafi.

Mutanen layin ba sa kiransa da sunansa. Wa-ya-aiko-ka suke ce masa, domin da wannan tambayar yake tarbar duk wanda ya miƙo masa makulli. Daga nan sai sauran su biyo baya: makullin ina ne, gidanka ne ko na haya, ina na matarka da ba za ka ari nata ba, me ya sa kake sauri haka. Wani ya taɓa ce masa ko a ofishin 'yan sanda ba a tsare shi da tambaya haka ba, ya ɗauki makullinsa ya yi gaba. Yaya ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya ce wa mai takalma da ma tun daga tafiyar mutumin ya san ba shi da gaskiya.

Ba haka aka haife shi ba. Ni ce ke bi masa, kuma na san shi lokacin da kowa a unguwa ke aron kekensa ba tare da ya tambayi inda za a je ba. Abin ya faro ne a farkon buɗe shagonsa. Wani mutum mai tsafta, yana ƙamshin turare, ya kawo makulli a naɗe cikin hankici, ya ce na ɗakin mahaifiyarsa ne, tsohuwar ta faye ɓatar da nata. Yaya ya yanka masa, har ya yi masa addu'ar Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Ashe makullin ɗakin ajiyar wani mai kantin magani ne, aka kuwa kwashe masa kaya. Da rana tsaka 'yan sanda suka zo suka tasa ƙeyar Yaya a gaban duk 'yan layi. An sake shi bayan an tabbatar ba shi da hannu, amma wanda ya fito ba shi ne wanda ya shiga ba. Tun daga ranar, duk wanda ya yi masa murmushi sai ya duba hannun mutumin.

Coci kuwa bai taɓa fashi ba. Kowace Lahadi yana can, amma a bencin ƙarshe, daidai tagar da yake hango babur ɗinsa. Idan aka ce a rufe ido a yi addu'a, ɗaya yake rufewa. Lokacin gaisuwar salama, hannun dama yana miƙawa, na hagu yana dafe da aljihu. Bai yarda ya je faɗin zunubi gaban Fada, limamin cocinmu, ba, wai abin da ya raba shi da masu jiran layi labule ne kawai, labule kuwa ba ya tare kunne. Idan katikis, mai koyar da addini a cocin, ya ɗauko labarin waliyyai, sai Yaya ya sunkuyo ya raɗa mini, wa ya gani da idonsa?

Matarsa, wadda mu dangin miji muke kira matarmu, ɗinki take yi a gida, mace mai sanyin magana. Kowace ƙofa a gidan nan makulli biyu gare ta, ban da kwaɗo. Ina tsokanarta cewa tun kafin a ganta ake jin tahowarta saboda ƙarar makullan da ke jakarta. Sai ta yi dariya ta ce ai ita ce kaɗai matar da ke buƙatar hutawa bayan ta gama buɗe gidanta.

'Ya'yansu mata duk sun yi aure. Namiji ɗaya ne, auta, kuma shi ya gaji hannun uban, har ya fi shi sauri. Sai dai yana da abokan da Yaya bai yarda da su ba, ko da yake wannan ba abin mamaki ba ne, tunda bai yarda da abokan kowa ba. Wata safiya aka wayi gari an kwashe kantin wani mai sayar da yadi da ke tsallaken titi, ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Yaya ya tuna cewa mai yadin ya taɓa barin makullinsa a shago wani yammaci domin a daidaita masa shi, kuma a ranar autan ne ke tsaron shago.

Bai jira bincike ba. Ina gidan aka yi, na zo karɓar ɗinki. Ya tsayar da ɗan a tsakar gida ya yi ta jefa masa tambayoyi, shi kuwa ba abin da yake maimaitawa sai cewa ba shi ba ne. Yaya ya karɓe makullan gida daga hannunsa, kuma kafin rana ta faɗi ya sauya na ƙofar waje. Autan ya ɗauki jakarsa ya fita. Duk dangi muka ɗora wa Yaya laifi. Kawunmu ya kira shi ya yi masa faɗa, ni kuma na ɗauke ƙafa daga gidan na wani lokaci. Matarmu ba ta yi masa musu ba ko sau ɗaya. Abin da kawai ya sauya, ta fara zuwa coci kullum da safe, ba Lahadi kaɗai ba. Yaya ya bi ta wasu safiyoyi ya tabbatar cocin take shiga, sannan ya ƙyale ta.

Shekaru suka wuce a haka. Wani ya ce ya ga autan a wani gari yana walda, wani ya ce a'a, lodi yake yi a tasha. A gidan ba a ambatonsa.

Wata rana katikis ya zo shago ya ce kyandirori suna ɓacewa daga kabad ɗin ɗakin da Fada ke sa kayan sujada, har da wani mayafin bagade. Yaya ya je ya sauya makullin, ya kuma tsare katikis da tambayoyi har bawan Allah ya yi da-na-sanin kiransa. Yana harhaɗa kayan aikinsa ne ya lura da wata tsohuwa zaune ita kaɗai a bencin gaba, kusa da siffar waliyyin nan kafinta, mijin Uwar Ubangiji. Tsohuwar ungozoma ce da ta daina aiki. Rabin mutanen cocin a hannunta suka faɗo duniya, har da autan Yaya. Kowa Iya yake ce mata. Katikis ya ce kullum da yamma tana nan, daga ita sai carbinta.

Yaya bai ga carbi ba, jakarta ya gani. Babbar jaka ce mai zif, wadda a ganinsa za ta ɗauki kyandir da mayafi har da sauran wuri.

Washegari ya rufe shago da wuri ya tafi coci. Don kada ta gane gadinta yake yi, sai ya durƙusa a bencin baya, ya sunkuyar da kai, yana motsa leɓe kamar mai addu'a. Da kansa ya ba ni labarin wannan dabarar, yana jin daɗin wayonsa. Na ce masa Yaya, matar da ta yanke wa ɗanka cibiya? Ya ce hannun da ya iya yanke cibiya ai ya iya buɗe kabad.

Ya yi makonni yana wannan sintiri. Iya ba ta yin komai sai jan carbi. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ta, carbin ya zame kan cinyarta, ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Cocin shiru, sai tattabaru a saman rufi da ƙarar motoci daga nesa. Rannan, ba tare da ta waiwayo ba, ta yi magana.

"Ɗana, tunda gwiwoyinka sun riga sun sha wuya, ka gaya wa Ubangijin wannan ɗaki wani abu mana, kada wahalar ta tafi a banza. Jakar tana nan. In ka gama ka zo ka duba."

Wani da kunya za ta sa ya sulale ya fita. Yaya tashi ya yi ya je ya duba jakar. Ya tarar da laima, da maganin ciwon gwiwa, da rabin burodi, da silifas na ko-ta-kwana. Iya ta yi dariya har tana tari. Shi kuwa ya zuge zif ɗin ya ce mata ta yi haƙuri, aikinsa ne ya koya masa haka.

Na ɗauka shi ke nan ya daina zuwa. Sai ga shi washegari ya koma. Ya ce mini wataƙila jaka biyu gare ta. Amma a wannan karon bai zauna a baya ba, ya matso tsakiya. Kyandir dai bai sake ɓacewa ba tun da aka sauya makulli, kuma har yau ba wanda ya san mai ɗauka.

Da suka saba, ya gaya mata shi fa bai san abin da ake cewa ba idan an gama addu'o'in da aka haddace tun ana yara. Iya ta ce to ya yi abin da ya iya, ya yi tambaya, Allah ba ya gajiya da tambaya kamar masu kawo makulli. Haka Yaya ya fara addu'a, da tuhuma. Me ya sa aka bar mai turaren nan ya shigo shagona? Ina kake lokacin da aka tasa ƙeyata? Ya ce ba a amsa masa ba, amma kuma ba a kore shi ba, kuma wannan ne karo na farko da ya yi wa wani tambayoyi bai ɗauki kayansa ya tafi ba.

Iya tana da labaran waliyyai a ka kamar yadda wasu ke da labarin 'yan uwansu. Takan ba shi ɗaya bayan sun gama, shi kuma ya bi labarin da bincike kamar alƙali. Ran da ta ba shi labarin wata uwa da ta yi shekara da shekaru tana kuka da addu'a saboda ɗanta da ya bauɗe, har ɗan ya dawo ya zama babban malamin ikilisiya, Yaya ya tambaya ina uban yake duk wannan lokacin. Iya ta ce an ce uban mutum ne mai zafin rai, matar ce ta yi ta haƙuri da shi har shi ma ya karɓi baftisma kafin ya rasu. Yaya ya tashi ya fita ko sallama babu. Ya zo wurina yana huci, wai matarsa ce ta haɗa baki da tsohuwar don su yi masa habaici da waliyyai. Na ce to ya daina zuwa mana. Ya ce in ya daina, yaya zai san abin da suke ƙullawa?

Ana cikin haka ne maganar makullin ta taso.

Ina koyarwa a wata makarantar ƙananan yara. An tashi ke nan ina share allo, sai ga Yaya ya shigo aji, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kan ƙaramar kujerar yara, gwiwoyinsa har ƙirji, ya ajiye wani makulli a kan teburina. Ya ce jakar matarsa ce ta faɗo daga kan keken ɗinki, kaya suka zube, ya ga makulli ɗaure da shuɗin zare a aljihun ciki. Ba na kowace ƙofa ta gidansa ba ne. Ba shi ya yanka ba, domin wanda ya yanka injinsa ya dakushe, ya ga kaushi a bakin haƙoran. Irin na ɗakunan haya ne masu arha. Ya kuma lura tana fita wasu ranaku da rana, da kwanon abinci a cikin leda, ta ce za ta kai ɗinki.

Na tambaye shi ko ya san za ta nemi makullinta. Ya ce nata yana jakarta, wannan kwafi ne. Mutumin da bai taɓa yanka wa baƙo makulli ba sai ya ji tarihin kakanninsa, shi ne ya saci na matarsa ya kwafa.

Abin da yake so shi ne in kira kawunmu, shi kuma ya kira yayyenta maza, a zauna, ya ajiye makullin a gaban kowa ta faɗi ƙofar da yake buɗewa. Na ce masa ya ji tsoron Allah, mace mai jikoki. Ya ce shi bai ce komai ba, makulli ne ya ce. Na ce ya tambaye ta tsakaninsu. Ya ce in ya tambaya, ya ba ta lokacin shirya amsa ke nan. Gaskiya ni ma ban san abin da zan ɗauka ba, domin matarmu ba ta taɓa ɓoye mini komai ba, ga shi wannan ban san da shi ba. Na roƙe shi ya ɗan dakata, ya ɗauki makullinsa ya fita.

Daga wurina coci ya nufa. Iya na ganin fuskarsa ta matsa masa wuri a bencinta. Bai gaya mata kai tsaye ba, ya ce wani mutum ne ya tsinci abin da ba nasa ba a kayan iyalinsa, yana son tara dangi. Ta daɗe tana kallon siffar kafintan da ke gabansu, sannan ta ce wannan ma ya taɓa tsintar abin da ba nasa ba. Ya ga wadda aka ba shi zai aura tana da ciki, ya kuma san ba nasa ba ne. Hujja tana hannunsa, doka tana bayansa, da ya tara mutane ba mai ganin laifinsa. Amma ya ƙudura a ransa ba zai tona mata asiri ba, zai rabu da ita a ɓoye.

Yaya ya ce, "Shi ai mala'ika aka aiko masa a mafarki. Ni wa aka aiko mini?"

"Ka bi labarin a jere, kai da kake son bincike," in ji Iya. "Sai da ya riga ya yanke ba zai kunyata ta ba, sannan mala'ikan ya zo. Lokacin da ya yanke, bai san komai ba, kamar kai."

Yaya ya yi ta juya maganar yana neman inda ta yi rauni, bai samu ba. Bai kira dangi ba. Kwanakin da suka biyo baya ya rame, abinci sai ya taɓa ya ture. Da yamma yana coci har sai katikis ya zo rufewa. Ya ce mini a lokacin ne ya daina yi wa Allah tambayoyi, domin sun ƙare masa. Abu ɗaya kawai yake roƙo, a riƙe masa bakinsa da hannunsa har ya san gaskiya, kuma in ya sani, kada a bar shi shi kaɗai da ita. Yakan dubi kafintan ya ce masa, kai ma'aikacin hannu ne kamar ni, ka san yadda abin yake, ka sa baki. Mafarki dai bai yi ba. Ya ce ko barcin kirki bai samu ba balle mafarki.

Duk da haka hali bai bar shi ba. Wata rana da ta fita da kwanonta, ya rufe shago ya bi ta a ƙafa daga nesa. Ta ratsa kasuwa, ta wuce wurin masu buga bulo, ta shiga wani dogon gidan haya mai ɗakuna a jere, igiyoyin shanya sun cika tsakar gidan. Ya laɓe a bayan wata motar ɗaukar yashi. Ya ga ƙofar da ta buɗe, ya jira har ta fito da kwanon da babu komai, ta kulle, ta tafi tana gyara ɗankwali.

Ya shiga ya tsaya a bakin ƙofar. Akwai takalmin namiji ƙafa ɗaya a waje, na aiki, duk ƙunar walda a jikinsa. Kwafin yana hannunsa, kuma ya san zai buɗe, domin aikinsa bai taɓa ƙin buɗewa ba. Ya ce har ya kai shi bakin ramin. Wata mata da ke wanki ta ɗago tana kallonsa, irin kallon da shi yake yi wa mutane. Ya mayar da makullin aljihu, ya ƙwanƙwasa.

Daga ciki aka tambaya wane ne. Ya gane muryar tun kafin a rufe baki. Ya buɗe baki ya rasa abin da zai kira kansa, da ƙyar ya ce shi ne.

An daɗe ana jan jiki kafin ƙofar ta buɗe. Autan ne, ya yi gemu, ƙafarsa ɗaya a ɗaure cikin filasta tun daga cinya. Ashe ya daɗe da dawowa garin, yana aiki da masu haɗa ƙofofin ƙarfe, ya faɗo daga saman gini. Uwar ta karɓi makulli ne saboda tashi buɗe ƙofa yana ba shi wuya. A ɗakin babu komai sai katifa, da bokiti, da rediyo, da wani ƙaramin gicciye da ta rataya masa a ƙusa.

Yaya ya ce da ya ga ɗansa a haka, sai duk abin da ya riƙe shekara da shekaru ya kwance. Ya fara cewa ya zalunce shi, ya kore shi ba shaida. Autan ya tare shi.

"Baba, kada ka ba ni haƙuri. Ni na yanka makullin mai yadi. Wani abokina ne ya ce in yi masa, kuma na san abin da zai yi da shi. Mama ta sani, na gaya mata tun da na dawo."

Yaya ya kife bokitin ya zauna a kai. Daga baya ya gaya mini cewa duk tsawon shekarun nan, da dangi ke zaginsa, ba abin da yake so kamar ranar da za a ce shi ne mai gaskiya. Ga ranar ta zo, kuma bai ji komai a bakinsa ba sai ɗaci. Tambayoyi suka taso masa, wane aboki, ina aka kai kayan, su nawa ne. Ya haɗiye su. Ya tambayi ɗan ko ƙafar tana hana shi barci, da abin da likita ya ce. Sannan ya fita ya nemo tasi, shi da direban suka ɗauko shi.

Matarmu ta dawo daga kai ɗinki na gaskiya ta tarar da ɗanta kwance a falo. Ba ta yi ihu ba, ta zauna a ƙasa kusa da shi ta riƙe ƙafar mai lafiyar. Bayan an ci abinci Yaya ya kira ta ɗaki, ya ajiye kwafin a gabanta, ya gaya mata duk abin da ya zarga da taron da ya so kira. Ba wanda ya tilasta masa, kuma da ya yi shiru ba za ta taɓa sani ba. Ta dubi makullin ta ce da ya tambaye ta. Ya ce da ya tambaya za ta faɗa? Ta ce a'a, ba za ta faɗa ba, domin ta yi wa ɗan alkawari, amma duk da haka da ya tambaya. Ta yi kwanaki ba ta ce masa komai sai gaisuwa. Ya ɗauka, bai yi ƙorafi ba.

A makon ne ya je faɗin zunubi wurin Fada. Masu jiran layi sun ce har wasu suka gaji suka tafi. Ya fito ya zauna kusa da Iya.

Kada a ɗauka ya zama wani mutum dabam. Har gobe in ka kai masa makulli sai ka amsa tambaya, kuma wani lokaci zarginsa yana fitowa daidai. Da kansa yake cewa zargin yana nan, yana taso masa kamar ƙwarnafi. Bambancin kawai, yanzu kafin ya buɗe baki yakan yi wata 'yar gajeriyar addu'a a zuci, kuma sau da yawa kafin ya gama ta, maganar ta wuce. Iya ta kwanta ciwo a damina ta gaba. Yaya ya riƙa zuwa gidanta da yamma yana ja mata carbi da ƙarfi, domin yatsunta sun daina riƙewa, tana gyara masa in ya yi tsallake. Da ta rasu yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinta.

Da ƙafar autan ta warke, shi ya kawo maganar mai yadi, ya ce yana son ya je ya faɗa masa da bakinsa. Yaya ya ƙi. Ya ce mutumin zai kira 'yan sanda, shi kuwa ya san yadda ake tasa ƙeyar mutum a layin nan. Suka yi ta ja. Ya kai maganar coci ya yi ta juya ta a gaban Allah, ya dawo ya ce bai ji an ce masa babu abin da zai faru ba, amma in za a je, tare za su je.

Suka tsallaka titi da safe. Mai yadin ya tsufa, yana zaune a bayan kanta da almakashi a hannu. Ya saurari autan har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce satar nan ce ta sa ya cire 'yarsa daga makaranta a shekarar, kuma ba a mayar da shekara. Ya ce ba zai kira kowa ba, ya gaji da shari'a, amma kada su sa ran zai ce ya yafe, kuma kada ɗayansu ya sake gaishe shi.

Autan ya koma aikin ƙofofinsa, yana kwana a gida. Shi ya bi umarnin mai yadin, in zai wuce sai ya sunkuyar da kai. Yaya kuwa kullum da safe, in ya ɗaga ƙofar shagonsa, sai ya juya ya ɗaga hannu ya ce wa tsallaken titi ina kwana. Ba a amsawa. Ya sa sunan mutumin da na 'yarsa a cikin waɗanda yake ambata da yamma.

Makon jiya na biya ta shagon na tambaye shi ko an fara amsawa. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya ce rannan dai mutumin ya yi gyaran murya bayan gaisuwar. Na ce to ai an fara ke nan. Ya girgiza kai ya ce shi yana zargin tari ne, domin ya ga ana sayo masa magani. Ya mayar da tabarau, ya kunna inji, ya ce gobe zai ƙara saurarawa da kyau.